Jan Layi

Alhaji Kiyari ya ce idonsa ya gaji.
Sunaye ɗari huɗu a fuskar inji,
kowa fari fat kamar an yi musu anko,
mai biya da mai zillewa duk kafaɗa ɗaya.
"Yaro, sa ta riƙa nuna mini su da kanta."

Na zauna bayan buhunan gero,
Kasuwar Dole na ta hayaniyarta,
na gindaya wa na'ura sharaɗi uku, gajeru:
in an biya, bar shi fari;
in saura kwana bakwai, shafa masa ruwan ɗorawa;
in ya haura wata, ja.
Ba jan lalle ba. Jan barkono.

Na danna.
Jadawali ya ɗebo daga rumbun bayanai
irin zuwan famfon unguwarmu ƙarfe ukun dare:
tari, shiru, sannan gaba ɗaya.
Kowane layi ya tsaya gaban sharaɗi,
a tambaye shi kwanakinsa,
a miƙa masa riga.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Ni ban yi ba.
Layi na ɗari biyu da sha huɗu:
Barmu majemi, Birni,
buhu ɗaya, saura jika goma sha bakwai,
kwana sittin da uku.
Ja wur.

Shi ne ya sayar da fatu tara
shekarar da aka koro ni kan kuɗin jarrabawa.
Ba ubana ba ne, katanga muka haɗa.
Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar bagaruwa
takardata nake tunawa.

Da la'asar Alhaji ya tafi masallaci.
Na lallaɓa na ce wa inji:
gurbi na ɗari biyu da sha huɗu, kada ya sake ja.
Sata ce ƙarama, ta launi kawai.

Washegari ya jera sunayen bisa haruffa.
Jama'a suka tashi suka sauya wuri,
fentina ya tsaya inda na bar shi.
Wani Lawandi direba, da ya gudu Agadas tun bara,
ya faɗo gurbin, ya fito tas
kamar bai taɓa auna tiya ba.
Baba Barmu kuwa ya hau can sama
da jansa a wuya.
Ashe tabarma na wanke,
mai zama ya tashi da ƙurarsa.

Na goge satata.
Jadawali ba shi da abin kansa,
madubi ne aka ɗaure a ƙofar rumbu.
Na so in ƙara sharaɗi na huɗu:
in damina ta yi gardama,
in jikarsa na kwance a likita,
in ya taɓa rabuwa da fata don ɗan maƙwabci.
Amma babu shafi mai wannan suna,
abin da ba a rubuta ba kuwa
sharaɗi bai san da shi ba.

Wata ya ƙare, aka ba ni jika arba'in.
Na ƙirga sha bakwai cikin akwatin kanti,
na shiga rumbu, na bar madubi,
na sauya lamba guda.
Na danna. Jan ya sauka
shiru, kamar zazzaɓi da asuba.

Ran Juma'a sai ga shi,
hannayen nan masu tsagewa,
jika biyar ƙulle a bakin riga.
Alhaji ya duba, ya sake dubawa:
"Barmu, ba a bin ka ko dala."
Ya ce, "Injinku ya yi ƙarya.
Ni na san abin da gidana ya ci."
Ya ajiye, ya juya, bai kalle ni ba,
ko kuwa ya kalla, ni na sunkuya.

Yanzu layinsa na nuna kanti ake bi,
jika biyar ƙasa da babu.
Na daɗe gaban akwatin launuka.
Ban rubuta wa wannan sharaɗi ba tukuna.